Hanta Mai Ido

Tun ranar da Muhsina ta furta sunan Nuraddeen a gaban mahaifinta, Alhaji Bamalli bai tambayi albashinsa ba, bai tambayi karatunsa ba. Abu ɗaya ya tambaya: ɗan wane ne?

Gidansu yana unguwar Wambai tun zamanin da garin nan na Suleja yake amsa sunan Abuja, kuma Alhaji ba ya bari a manta da wannan. Nuraddeen kuwa baƙo ne daga Kano, yana aikin ofis a Abuja, yana haya a Chaza. Da aka kira shi ya durƙusa, sai ya ce mahaifinsa harkar dabbobi yake yi.

Ba ƙarya ya yi ba, amma dai ya rage gaskiyar. Mahaifin nasa, Malam Sabo, mahauci ne, shekararsa arba'in yana fawa a kwata. Muhsina ta san haka tun farko, kuma ta san abin da mahaifinta ya sha faɗa a gaban kowa, cewa gidansa bai taɓa haɗa jini da masu fawa ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Wannan fa mutumin da ba ya iya kwana biyu bai ci balangu ba ne, amma wa zai faɗa masa?

Shi Alhaji yana da nasa zaɓin, Siddiq ɗan yayansa, likita mai asibitin kansa, inda Muhsina ta shekara huɗu tana aikin sikanin, wato ɗaukar hoton ciki da na'ura. Siddiq bai taɓa ɓoye cewa yana sonta ba, ita ma ba ta taɓa ɓoye masa cewa yaya ta ɗauke shi ba. Da Alhaji ya ga yarinya ta kafe, sai ya sauko da sharaɗi guda. Nuraddeen ya je asibitin Siddiq a duba shi ciki da waje, in Siddiq ya sa hannu lafiyarsa ƙalau, to kawunnan Nuraddeen su zo ranar Asabar a sa rana.

Gwajin jini duk ya fito lafiya. Sai Nuraddeen ya ambata, kamar da wasa, cewa ya kwana biyu yana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Siddiq ya ce a yi masa hoton ciki. Muhsina ce ta riƙe na'urar, ita ce ta fara gani.

A cikin hantarsa akwai jakar ruwa, zagayayya, girman lemo.

Jakar ruwa a hanta ba baƙon abu ba ce a wurin Muhsina, tana ganinta kusan kowane wata. Yawancinta halitta ce kawai. Bangonta siriri ne kamar ɓawon albasa, cikinta baƙi wuluk a allon na'ura, babu komai sai ruwa, mutum ya tsufa da ita bai ma sani ba. In ta girma ta dame shi, a soka allura a zuƙe.

Amma akwai wata iri, wadda malaminsu a makaranta yake rage murya in zai yi maganarta. Ita wannan wata tsutsa ce ke gina ta, tsutsar da ke zaune a hanjin kare, ƙwayayenta su fita da kashinsa, su manne a gashinsa, su hau hannun mutum, su shiga bakinsa. Sai ta yi shekara goma ko ashirin tana girma shiru. In ta tsufa ba ta da wuyar ganewa, domin za ka ga ƙananan jakunkuna a cikin babbar, likitoci suna ce musu 'ya'ya. Amma da fari kamanninta ɗaya da ta halitta, sai dai in ka zuba ido sosai ka ga bangonta layi biyu ne, ko ka ga wani abu kamar yashi a ƙasanta. Wannan ba a soka mata allura haka kawai. In ruwanta ya tsiyaya a ciki, numfashin mutum yana iya sarƙewa nan take, in kuma ya tsallake, irin tsutsar ya watsu ya tsiro ko'ina a cikinsa.

A gefe ɗaya na jakar Nuraddeen, Muhsina ta ga layi biyu. Bai fito sosai ba, amma ta gan shi.

Ta nuna wa Siddiq. Ya sunkuya ya duba, ya ce inuwar na'ura ce. Duk da haka ya juya ya tambayi Nuraddeen ko yana kiwon kare.

"A'uzubillahi, likita. Ni da kare?"

Siddiq ya yi dariya, Sista Chinelo, ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye, ita ma ta yi, ya rubuta "babu" a kati. Amsar da kowane Musulmin Suleja zai bayar ke nan, kuma ya bayar da ita da zuciya ɗaya. Don ya rufe bakinta Siddiq ya aika jini a gwada tsutsar, sakamako ya dawo babu komai. Ta tuna masa cewa wannan gwajin yakan yi shiru in jakar ba ta taɓa fashewa ba. Ya ce ya sani. Amma mutum ma'aikacin ofis, ba kare, ba gona, ba garke, ta ina za ta shige shi? Shekararsa takwas yana aiki a garin nan bai ga irinta ko sau ɗaya ba.

"Muhsina, abin da kike tsoro kike gani," ya ce da ita a hankali. "Shi ya sa ba a son mutum ya duba nasa."

Ya sa ranar Alhamis ƙarfe takwas na safe za a zuƙe ruwan. Alhaji ya ce madalla, a cire shi kafin Asabar, ba zai ba da 'yarsa ga mai ruwa a ciki ba.

Abin da ya hana Muhsina cin abinci tun Litinin shi ne ta san abin da zai juya kan Siddiq. Kalma ɗaya ce, kwata. Kuma duk abin da ya shiga kunnen Siddiq a kan wannan aure, kafin azahar yana kunnen Alhaji.

Ranar Laraba bayan la'asar Nuraddeen ya zo, har yanzu da katin ofis rataye a wuyansa, yana ƙorafin cunkoson Madalla. An yi ruwa an ɗauke, ƙasa tana ƙamshi. Ta shimfiɗa masa darduma a ɗakin baƙi, ta ajiye zoɓo, bai kai ga ɗauka ba ta ce ya ba ta labarin kwata.

Ya dube ta, ya dubi ƙofa. Ba labarin da yake son bayarwa ba ne, balle a gidan nan. Amma ganin idonta sai ya rage murya ya fara. Ya ce tun yana ɗan shekara shida yake bin mahaifinsa da asuba. Ta tambaye shi ko ya taɓa ganin hantar dabba da ruwa a ciki. Sai ya yi murmushi, murmushin mutumin da ya tuna abin da ya daɗe da mantawa. Ya ce sosai ma, musamman ta raƙumi. Farin abu ne kumburarre, yana leƙowa daga cikin naman, Babansa yana ce mata hanta mai ido. Ba ya yarda ya sayar wa mutane, don yana tsoron Allah a sana'arsa. Sai ya yanke wurin ya miƙo masa, ya ce kai wa karnuka.

"Kai kake kai musu?"

"Kullum. Har sun san ni, da sun hango ni sai su taso. Akwai wani ja, shi har hannu yake lasa mini."

"Daga nan fa?"

"Daga nan sai in goge a riga in je in sayi ƙosai." Ya yi 'yar dariya. Da ya ga ba ta yi ba, tasa ta tsaya.

Ta tambaye shi don me ya ce wa Siddiq ba shi da alaƙa da kare. Ya ce ai kiwo aka tambaye shi, shi kuwa bai taɓa kiwon kare ba, gidansu kare bai taɓa tsallake zaure ba. Na kwata ba na kowa ba ne.

Nan hawaye ya zo mata. Ta yi masa bayani dalla-dalla, yadda tsoron Allah ɗin mahaifinsa ya kare masu sayen nama amma ya ciyar da tsutsar ga karnuka, karnukan kuma suka mayar da ita hannun ɗansa. Ta gaya masa layi biyun da ta gani, da abin da allura za ta iya yi gobe. Ya saurara har ta gama bai katse ta ba.

"Kin tabbata ita ce?"

Ta so ta ce eh, wallahi ta so. Amma ba ta iya yi masa ƙarya.

"Ban tabbata ba."

"To kin gani. In ba ita ba ce, na tona kaina a banza, na rasa ki a banza."

"In ita ce kuma fa, Nura?"

Ta ce to ya ƙi allurar kawai, ya ce a jira. Ya ce ya ƙi da wane dalili? Likita ya ce ruwa ne, Alhaji ya ce a cire kafin Asabar, in ya ja da baya za a ce yana ɓoye wata cuta, Siddiq kuma ba zai sa hannu ba. Kawunnansa sun riga sun sayi goro.

"Kwana uku ya rage, Muhsina. In aka sa rana, ko ya ji daga baya, da wuya dattijo ya janye maganarsa a gaban mutane. Shekara goma ina wanke warin kwata daga jikina. Na bar Kano saboda shi. Gida biyu aka mayar mini da kayan aurena saboda shi, kin sani."

"Ni ban taɓa jin wari a jikinka ba."

"Ke ce. Ke kaɗai ce, shi ya sa ba zan iya ba." Ya kau da kai wajen taga. "Ina son Babana, Allah ya sani. Da wuƙar nan ya biya mini makaranta. Kuma ga ni nan ina ce wa mutane harkar dabbobi yake yi. Kina tsammanin ba ya ci mini rai?"

Ta ce ta sani. Ta ce amma ita mai rai take so ta aura.

Ya roƙe ta ta yi masa alƙawarin ba za ta ce komai ba, ya ce rai da ajali a hannun Allah suke. Ta ce haka ne, kuma Allah ɗin ne ya nuna mata layin. Ya sake roƙo, har da haɗa ta da girman iyayenta. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, tana ta goge ido da bakin mayafi har aka kira magariba. Ya tashi ya tafi, zoɓon yana nan yadda ta ajiye shi.

Da safe ta iske abin da ba ta zata ba. Alhaji ya riga ta zuwa asibiti, yana zaune a benci a ƙofar ɗakin aikin da carbi a hannu. Ya ce yaron baƙo ne, ba shi da kowa a garin nan, bai kamata a taɓa shi babu babba a kusa ba. Haka Alhaji yake, shi ya sa ƙinsa yake da wuya.

An ɗauke wuta tun asuba, an ta da janareta. Wayar da aka jawo wa na'urar ta bi ta bakin ƙofa, saboda haka ƙofar ba ta rufuwa, sai ta tsaya a buɗe kamar faɗin tafin hannu. Muhsina ta tura ta sau biyu, ta dawo.

Nuraddeen yana kwance rigingine, an ɗage rigarsa, Sista Chinelo ta shafa masa jan magani a gefen ciki. Doguwar allurar tana kan tire cikin ledarta. Bai dubi Muhsina ba. Aikinta yau shi ne ta riƙe na'ura ta nuna wa Siddiq hanyar da allura za ta bi.

Ta ɗora na'urar, jakar ta bayyana, baƙa, zagayayya, kamar ba ta san komai ba.

Ta ce da Siddiq tana neman alfarma ɗaya, a juya shi ta gefen hagu sannan a dawo da shi da sauri. Ya dubi agogo, ya ɗaga kafaɗa. Suka juya shi, suka dawo da shi, ta mayar da na'urar wurin kafin ruwan ya natsu.

A cikin baƙin nan wasu fararen ɗigo suka tashi, ƙanana ƙanana, suna yawo, sannan suka fara sauka a hankali kamar yadda ƙullu ke kwanciya a ƙasan ƙwarya.

Siddiq ya matso. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta canza kaɗan. Sai ya ce yana iya zama tsohon jini ne, jakar halitta ma takan yi haka in ta taɓa zubar da jini a ciki. Gaskiya ya faɗa, takan yi. Amma shakka ta shige shi, ya juya ga wanda ke kwance.

"Malam Nuraddeen, zan sake tambayarka. Ka tabbata ba ka da wata alaƙa da kare?"

Nuraddeen yana kallon silin.

"Ba na kiwon kare, likita."

Siddiq ya gyaɗa kai, ya miƙa wa Sista Chinelo hannu. Ta ɗauko ledar allurar.

Muhsina tana jin ƙarar carbin mahaifinta ta wannan 'yar kafar ƙofa, ɗaya bayan ɗaya. Tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta san in ta buɗe baki babu Asabar, wataƙila babu Nuraddeen har abada, wataƙila ma ba zai yafe mata ba. Ta kuma san tana iya yin kuskure. Ta dubi jan maganin da ke cikinsa yana ɗagawa yana sauka da numfashi.

"Yaya Siddiq," ta ce. Ba ta taɓa kiransa haka a wurin aiki ba. "Ba kiwo za ka tambaye shi ba. Ka tambaye shi wa yake kai wa karnukan kwata hanta lokacin yana yaro."

Ƙarar carbin ta tsaya.

Nuraddeen ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen fuskarsa ya shiga kunnensa, bai share ba.

"Kwata?" Siddiq ya ce.

"Ni ne," in ji Nuraddeen, idonsa a rufe. "Mahaifina mahauci ne. Shekara bakwai ina kai musu."

Siddiq ya karɓi ledar daga hannun Sista Chinelo, bai farke ta ba, ya mayar da ita kan tire. A fuskarsa Muhsina ta ga abu biyu suna kokawa. Ga mutumin da aka miƙa wa abin da ya daɗe yana nema, ga kuma likitan da ya ga ramin da ya kusa jefa ƙafa. Likitan ne ya yi nasara. Ya ce a goge masa ciki. Ya ce babu allura yau, babu gobe. Zai rubuta takarda zuwa babban asibiti a yi masa hoto mai zurfi, a ɗora shi kan magani, in ma za a taɓa jakar to sai a hannun waɗanda suka saba, da shirin ko-ta-kwana. Sannan ya dubi Muhsina ya ce ta yi daidai, da murya irin ta wanda maganar ta yi masa nauyi.

Ƙofar ta buɗe.

Alhaji Bamalli ya tsaya a bakin ƙofa, babbar rigarsa ta cika wurin. Bai dubi 'yarsa ba. Ya tambayi Siddiq, da an soka allurar nan me zai faru. Siddiq ya ce in ita ce, kuma yanzu ya fi zaton ita ce, da wataƙila ba su kai shi ko bakin titi ba.

Alhaji ya juya carbinsa sau ɗaya a hannu. Nuraddeen ya yunƙura zai sauko ya durƙusa, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya tsaya.

"Ka san haka jiya?"

"Na sani, Baba. Ta gaya mini."

"Kuma ka zo ka kwanta."

"Na zo."

"Wato ka gwammace a soke ka da ka ce mini kai ɗan mahauci ne."

Janareta na ta ƙugi a waje. Alhaji ya daɗe a tsaye yana kallon jan maganin da Sista Chinelo ba ta gama gogewa ba, kuma Muhsina, da ta san fuskar nan tun tana goye, ta kasa karanta ta. Ba fushin da ta sani ba ne.

"Ka kira kawunnanka," ya ce, "ka ce kada su zo ranar Asabar."

Muhsina ta dafa gadon. Ta san hakan zai zo, amma sanin bai rage komai ba.

Alhaji ya juya zai fita, ya tsallake wayar, sai ya tsaya bai waiwayo ba.

"Ba da kawu zan yi magana ba. Mutumin da ɗansa ya kusa mutuwa don kada ya faɗi sunan sana'arsa a gabana, shi nake son gani. Ya zo da kansa."

Ya fita. Suna jin takalminsa har ya kai ƙarshen baranda.

Muhsina ba ta san ko ƙofa aka buɗe mata ko rufe ta za a zo a yi a gaban Malam Sabo ba. Ta dubi Nuraddeen, har yanzu bai dube ta ba, amma ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka. Ta ɗauki allurar daga kan tire, ledarta a liƙe yadda aka kawo ta, ta mayar da ita cikin durowa ta rufe.